Azumin da Aka Harbe Malam a Rafi

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara. Malamai sun ce haka yake zagayawa, sai ya yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya dawo inda ya baro. Ni ban iya wannan lissafin ba, jikina ne ya gaya mini. Ran uku ga wata ina zaune a tsakar gidan 'yata a nan Birnin Kudu, da azahar, iskar nan mai kamar an buɗe bakin tanda ta bugo ni. Jikokina suna ta musu a kan wanda zai fita sayen ƙanƙara, famfo yana ɗiga a kwata ba mai kula shi. Sai na ji maƙogwarona ya tuna wani ƙishi da ba na ranar ba.

Wancan azumin shi ne na farko bayan an ba mu Jigawa. Muna wani ɗan ƙauye a yankin Maruta, ƙasar Gwaram, gida bai fi arba'in ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, 'yata ta fari tana da huɗu, ga goyon Musa a baya. Maigidana sunansa Iliyasu, gari kowa Ilu yake ce masa, ni kuwa Malam nake cewa, ban taɓa kama sunansa ba yana da rai. Manomi ne, yana da jaki ɗaya da gona biyu, ba ya da yawan magana sai in an taɓo zancen sabuwar jiha. Ranar da aka faɗa a rediyo har rawa ya taka a zaure. Yakan ce, "Kulu, gwamnati ta matso kusa. Da sai ka je Kano, yanzu kukan talaka zai isa Dutse hawayensa ba su bushe ba."

Daminar da ta wuce ba ta yi mana kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero yana bunni, dawa kuma ta yi kai ba ƙwaya. Kafin a ga watan azumi rumbunmu ya yi ƙasa, har sai Malam ya shiga ciki gaba ɗaya kafin ya miƙo mini dami. Tiya ɗaya nake aunawa a yini, daga baya na koma rabi. Da hantsi in yi surfe, in bakace, dusar ma ba a ba jaki duka, sai in rage a tankaɗe a haɗa da gari. In jiƙa tsamiya, in niƙa gasara a dutse. Wake babu, saboda haka ƙosai sai dai mu ji labarinsa. Buɗe-bakinmu kunun tsamiya ne da kwaɗon zogale in an samu ƙuli, sahur kuma ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka wadda ba ta san mai ba. Nono ya ragu a ƙirjina, Musa ya tsotsa ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa.

Amma yunwa da sauƙi a kan ruwa. Rijiyoyin gari biyu duk sun ƙafe, in ka saka guga sai ya fito da taɓo. Sai an je rafi, tafiyar kusan awa guda, shi ma rafin yashi ne fari fat, a tona rami da dagi har ya kai ƙugu, a zauna a jira ruwa ya tsatso, a riƙa kwalfa da ƙoƙo. Malam yakan tafi da sassafe, tulu huɗu a mangala, dagi a kafaɗa, ya dawo kafin rana ta take. Ruwan ja ne, sai na zuba masa toka ya kwanta. Da shi za a sha, a yi girki, a yi alwala, ruwan wanke-wanke kuma a ba awaki. Da azahar gari yakan yi tsit. Maza suna kwance ƙarƙashin bishiyoyi da jiƙaƙƙen tsumma a ka, kaji sun buɗe baki, ko kare ba ya haushi. In ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi tsalle.

Ana cikin haka aka fara maganar 'yan kwanta-kwanta. Sun tare motocin 'yan kasuwa a hanya, sun kwashe mutane, an ce har sun kashe wani ɗan sanda, suka shige duwatsun da ke gabas da mu. Ran tara ga azumi sai ga mota a-kori-kura ta shigo garinmu da 'yan sanda takwas. Ba na kusa da mu ba ne, turo su aka yi daga wani wuri. Suka sauka gindin tsamiyar da ke bayan gidanmu. Mai gari ya tara maza ya ce baƙi ne, kuma tsaronmu suka zo yi, kowane gida zai ɗauki abincinsu na yini ɗaya. Ruwa kuwa, tun da Malam ne mai jaki mafi kusa, sai ya faɗo kansa.

Ban ji haushi ba, Allah Ya sani. Ranar girkinmu na auna tiya uku daga hatsin da nake lallaɓawa, na dama kunu cikin babbar ƙwaryar da na zo da ita gidan aure. Babbansu wani ne Saja Audu. Ni ina cikin kulle, ban taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa na sani, kakkaura ce mai ɗan shaƙewa. Da ya dawo da ƙwarya ya tsaya a zaure ya ɗaga murya.

"Uwargida, sannu da aiki. Wannan kunu ko a gidanmu sai haka. Allah Ya raya yara."

Na ce amin daga bayan danga. Daga ranar ya saba da gidanmu. A zaurenmu yake shan ruwa, ya bi Malam sallar magariba, su zauna suna hira. Ina jin su. Yana ba Malam labarin 'ya'yansa biyar, da yadda aiki ya hana shi yin azumi a gida shekara uku. Malam ya shigo ya ce mini, "Mutumin kirki ne. Kin ga irin ma'aikatan da sabuwar jiha take so." Akwai kuma wani Kofur Bitrus, Kirista ne ba ya azumi, amma ba ya cin komai a gaban mutane da rana. Shi yake taya Malam sauke tuluna.

Kwanansu shida suna shiga duwatsu suna fitowa hannu rabbana. Na ji Saja yana cewa daga sama an matsa musu, kullum sai an aiko ana tambaya ina 'yan fashi.

Ran sha biyar ga wata, Malam ya dawo daga rafi da safe ransa a ɓace. Jaki ya yi tuntuɓe a gangare, tulu biyu sun fashe. Biyun da suka tsira ya kai wa baƙi, randarmu kuwa ko rabi babu. Ya ce bari rana ta yi sanyi ya koma. Na ce ya bari sai gobe, za mu lallaɓa.

Ya ce, "Mu za mu lallaɓa. Su fa? Mutum takwas da tulu biyu, ga wanda zai sha ruwa, ga alwala. Ai sai a ce garinmu ba mu san baƙo ba."

Ya aro tulu biyu a gidan yayansa, Yaya Habu. Bayan la'asar ya tsoma mayafinsa cikin ruwan wanke-wanke, ya naɗe kansa da fuskarsa saboda zafi, ya saɓa dagi, ya kora jaki. Ya ce in ajiye masa ƙanzon tukunya. Abin da ba mu sani ba, wani ya kai wa 'yan sandan labari cewa ɓarayin suna saukowa rafi da yamma ɗiban ruwa. Tun azahar suka je suka yi kwanton ɓauna cikin sabara, ba su gaya wa kowa a gari ba.

Ina tace tsamiya na ji ƙarar harbi. Uku ce, biyu a jere, ɗaya daga baya. Daga nesa ba ta da ƙarfi, kamar ana fasa itace. Mata suka fara leƙowa ta kan danga ana cewa an kama su, an kama su. Wata har guɗa ta yi. Ni ma na ce alhamdu lillahi, na ci gaba da dama kununa. Aka kira magariba, na kurɓi ruwa, na rufe masa kununsa da faifai. Sai ga jakin ya shigo zaure shi kaɗai, tuluna huɗu cike, ruwa yana tangaɗi a bakinsu.

Ban san yadda aka yi na fita ba, ko mayafi babu. A ƙofar gida Yaya Habu ya tare ni ya mai da ni ciki. Ba a jima ba na ji motar ta tsaya, na ji mutane sun cika zaure, na ji salati. Sannan na ji muryar nan da na sani, tana kuka irin na yara.

"Ni ne. Wallahi hannuna ne. Na hango mutum ya rufe fuska da abu dogo a kafaɗa, ban tsaya tambaya ba. Sai da na juya shi na ga Ilu. Ruwanmu ya ɗebo, jama'a, ruwanmu!"

Liman yana cewa ya yi shiru, ƙaddara ce. Saja kuwa ya matso jikin danga, har ina jin numfashinsa.

"Uwargida, ban ce ki yafe mini ba. Amma na rantse da azumin da ke bakina, zan faɗa wa na gaba da ni gaskiya. Ko kaki za a tuɓe mini, ko ɗaure ni za a yi, zan faɗa."

Mutum ya fi ashirin a zauren nan, kowa ya ji. Ni ma a cikin wannan hali na ji, kuma na gaskata shi.

Yaya Habu ya roƙa a bar mana gawa mu yi mata sutura. Suka ce doka ba ta yarda ba, sai likita ya duba, gobe da safe a zo a karɓa. Suka tafi da shi a bayan mota, suka kwashe kayansu daga gindin tsamiya. Ba su sake kwana a garinmu ba.

Washegari gida ya cika da masu gaisuwa, an haƙa kabari, an yanko likkafani, Yaya Habu ya tafi karɓo gawa. Azahar ta yi bai dawo ba. Ina zaune a ɗaki mata sun kewaye ni, sai na jiyo rediyon maƙwabta ta bayan danga, ana labaran yamma. Mai karantawa ya ce jami'an tsaro sun yi nasarar bindige ɗaya daga cikin 'yan fashin da suka addabi yankinmu, bayan musayar wuta a bakin rafi. Ya faɗi sunan Malam da sunan ubansa da sunan garinmu. Ya ce shi ne mai kai wa sauran ruwa da abinci, kuma an same shi da bindiga. Aka yi maza aka kashe rediyon. Matan da ke ɗakin kowa ta sunkuyar da kai. Ni dariya ce ta kuɓuce mini, har aka riƙe ni ana tofa mini addu'a.

Sai kwana biyu Yaya Habu ya dawo da shi. A wannan zafin. Ba zan faɗi yadda ya dawo ba, ko wanka sai zuba ruwa aka yi daga nesa-nesa, ba a bar ni na gan shi ba. Bayan an rufe shi Yaya Habu ya zo ƙofar ɗakina ya tsuguna, babban yatsansa da sauran tawada. Ya ce 'yan sanda sun shimfiɗa Malam a gaban ofis, sun ajiye wata tsohuwar bindigar toka a gefensa, an ɗauki hoto, mutane suna wucewa suna tofa yawu. Sun ba shi takarda da Turanci sun ce ya dangwala, in ya ƙi a zuba gawar rami ɗaya da ɓarayi, ba wanka ba salla.

"Na tambaya me aka rubuta, suka ce shaidar karɓar gawa ce. Na dangwala, Kulu. Ƙanena yana kumbura a rana, ya zan yi?"

Na ce, "Saja fa? Yana wurin?"

Ya ce ya hango shi sau ɗaya ta taga, da suka haɗa ido Saja ya janye.

Ana saura kwana uku salla Kofur Bitrus ya zo a keke, cikin kayan gida. Ya kawo hular Malam da takalmansa na taya a ƙunshe cikin takarda. Ya ce wa Yaya Habu, ina ji, "Baba, ni ina wurin. Ba musayar wuta, ba bindiga, dagi ne. Bindigar nan daga sito aka ɗauko ta. Duk ranar da aka kira ni zan faɗa." Ya ce su shigar da ƙara a rubuce, kada su yi shiru.

Haka na shiga takaba. Salla ta zo ta wuce ban san an yi ba. Zafi ya ƙaru, hadari ya riƙa haɗowa da yamma yana watsewa, sai iska da ƙasa. Hatsi ya ƙare ƙaf, muka koma rogo da abin da Yaya Habu ya raba mana daga nasa. Ranar da ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika ɗaki, na fito tsakar gida na tsaya ya jiƙa ni. Ba na manta tunanin da ya zo mini: yanzu kowa ya huta da zuwa rafi.

Mutanen garinmu sun yi mini gayya, ba zan ci hakkinsu ba. Sun shuka gonakin Malam, sun yi noman fari da maimai, matasa suna waƙa, ni ina aika musu da ruwa da ɗan abin da ya samu. Amma a ƙauyukan kewaye labarin rediyo ne ya zauna. A kasuwar Gwaram an daina cinikin awaki da Yaya Habu, ana nuna shi da baki. Wata ƙanwar uwata da ke Yalwan Damai ta aiko da gaisuwa, ta ƙara da cewa ai mutum ba a shaidarsa, wataƙila yana yi ban sani ba. Ko a garinmu, a hankali sai na fara jin ana cewa, to me ya mai da shi rafi da yamma, shi da ya saba zuwa da safe?

Yaya Habu ya sa mai rubuta wasiƙa ya rubuta ƙara. Ya yi ta safa da marwa a keke, gonarsa ta ci ciyawa. Ana tsakiyar malka, ruwa kwana da kwanaki, na fita takaba da mako biyu, aka aiko cewa an kafa kwamiti, zai zauna a Birnin Kudu, a zo da shaidu. Ranar na ce Malam ya yi gaskiya, kukan talaka ya isa Dutse.

Cikin mutum ashirin da suka ji rantsuwar Saja, uku ne suka bi mu. Mai gari ya ce ƙafarsa ta kumbura. Sauran an raɗa musu cewa duk wanda ya ce yana tare da Ilu, za a rubuta shi ma ɗan kai ruwa ne. Muka taka cikin taɓo har bakin titi, Musa a bayana, muka shiga mota. Wannan ne zuwana Birnin Kudu na farko.

Ɗaki ne mai fanka, mutum uku a kan tebur, biyu da kaki ɗaya da babbar riga. Aka ce in faɗi sunan mijina. Ban taɓa faɗa ba, harshena ya yi nauyi, akawu ya ɗaga kai yana jira. Na ce, "Iliyasu." Na ba da labari tun daga tulu biyun da suka fashe. Liman ya faɗi abin da ya ji a zaure. Yaya Habu ya ce a kira Kofur Bitrus. Aka duba takarda aka ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha mai nisa, ba zai samu zuwa ba.

Sai aka kira wani mutum, gajere, mai ɗan tumbi, kakinsa ya sha guga. Ban san shi ba sai da ya buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, mun sauka a garin, gaskiya ne. Amma ni ban san mamacin ba, ban taɓa shiga gidansa ba. Shi ya fara harbinmu, muka mai da martani."

Na miƙe ban san na miƙe ba. Na ce, "Saja, ni ce Uwargida. Ni ce mai kunun."

Bai juyo ba. Yana kallon bango, jijiyar wuyansa tana motsi. Na ce, "Ka rantse da azumin bakinka. Ka ce ruwanku ya ɗebo." Mai babbar riga ya buga tebur ya ce a zaunar da ita. Sannan aka fito da takardar da Yaya Habu ya dangwala, tafinta ya karanta mana da Hausa. An rubuta cewa iyalin mamaci sun amsa da bakinsu ya daɗe yana kai wa 'yan fashi ruwa, kuma ba su da wata ƙara a kan kowa. Yaya Habu ya dafe kai, ya sulale ƙasa daga kan benci.

Aka ce mu tafi, za a neme mu. Muka fito ana tsuga ruwa. Ba a neme mu ba. Da kaka muka ji an ƙara wa Saja igiya.

Shekaru suka tafi. Na sake aure a garin, mijin ya rasu, 'yata ta yi aure a Birnin Kudu, daga baya na dawo wurinta. Musa ya tashi ana ce masa ɗan ɓarawo a makaranta, ya yi faɗa har ya gaji ya daina. Yanzu in irin wannan ta faru nakan ga yara sun taru a kan waya suna kallo, wani ya ɗauka ya watsa, duniya ta gani. Mu a lokacinmu kunnuwan mutum ashirin gare mu, su kuma suna da takarda.

Musa ya kai shekara ashirin da biyu, wata Laraba da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida, aka ce wani dattijo yana neman Kulu matar Ilu. Na fita zaure. Tsoho ne da farin gemu da carbi, ya tsuguna har ƙasa. Yana buɗe baki na gane Saja Audu ne. Ya ce ya yi ritaya, bana zai sauke farali, yana bin mutanen da ya saɓa wa yana neman gafara, ya sha wuya kafin ya gano inda nake.

"Hajiya, ban taɓa yin barci mai daɗi ba tun ranar. Na faɗa musu gaskiya a daren, wallahi na faɗa. Suka ce an riga an aika sama cewa an samu ɗaya, ba a janyewa. Suka ce ko in sa hannu ko in tafi kurkuku. Ina da 'ya'ya biyar."

Na ce, "Ni biyu gare ni."

Hawaye na bin gemunsa. Na daɗe ina kallonsa. Abin mamaki, ban ji zafin da na zaci zan ji ba, tausayi ma ya so ya kama ni. Na ce masa hakkin jinin Malam ba ni kaɗai ke da shi ba, amma nawa kason zan iya bari, da sharaɗi ɗaya. Jibi Juma'a. Ya je garinmu, in an sallame ya tashi a gaban masallaci ya faɗi abin da ya faɗa a zaure. Ba kotu na ce ba, ba rediyo ba. Mutanen da suka san Malam su ji daga bakinsa, ɗansa yana tsaye.

Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. In Allah Ya kai mu, kafin a hau mumbari ina can."

Ranar Alhamis muka tafi, ni da 'yata da Musa. Yaya Habu ya tsufa, ido ya yi rauni, amma da ya ji ya sa aka kama hannunsa gida-gida yana faɗa. Aka aika ƙauyukan kewaye. Ranar Juma'a masallaci ya cika har waje, wasu tun da aka gina shi ba su taɓa salla a ciki ba. Musa ya sa sabuwar shadda. Ni da mata muna gidan liman, jikin masallaci, inda za mu ji komai. Na sa an dafa abinci da shi, don kada a ce baƙo ya zo da nisa ya koma da yunwa.

Aka yi huɗuba, aka yi salla, aka sallame. Liman ya ce jama'a su ɗan dakata, akwai baƙo a hanya. Aka zauna. Duk babur ɗin da ya yi ƙara sai kawuna su juya. Na nesa suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, ana gyaran murya, wani ya ce ko mota ce ta lalace. Yaya Habu ya sa aka kai shi bakin hanya ya tsaya a rana, ya ƙi zama. Har aka kira la'asar.

Da yamma Musa ya shigo inda nake, ya tuɓe shaddar ya ninke. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ya ce, "Inna, ke kin ji da kunnenki, ko? Ranar, a zaure?"

Na ce na ji.

Ya ce, "To sake faɗa mini. Daga farko. Ki yi a hankali, ina so in riƙe."

Na zaunar da shi na faɗa masa, kalma bayan kalma, yadda mutumin ya faɗa. Bayan wata biyu muka ji Alhaji Audu ya dawo daga Makka lafiya, an yi masa walima.